Idan Yaro Ya Kashe Yaro, Wa Zai Ɗauki Alhakin?

A watan Yulin 2025 aka wayi gari da labarin mutuwar ɗalibai biyu a makarantar sakandaren kwana ta gwamnati da ke Bichi, jihar Kano. Waɗanda 'yan sanda suka kama bisa zargin kisan 'yan uwansu ne ɗalibai. Mu nan Ɗantutture, duk mai ɗa a makarantar kwana, a Dutsin-Ma ko a Katsina, sai da gabansa ya faɗi. A majalisa kuwa hukunci ɗaya ake yankewa: wanda ya kashe a kashe shi.

Doka ba ta ce haka ba. Sashe na 50 na kundin Penal Code ya ɗauke laifi daga yaron da bai kai shekara 7 ba, haka ma wanda bai kai 12 ba muddin hankalinsa bai kai ya gane abin da ya aikata ba. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai cika 18 ba a matsayin yaro, ta kuma hana yanke masa hukuncin kisa. Gidan gyaran hali ake kai shi, irin na Kakuri a Kaduna.

Uwar da aka kawo mata gawa za ta ce an raina jinin ɗanta. Ba zan iya ce mata ta yi kuskure ba.

Sai dai fiƙihunmu ma ba ya yi wa wanda bai balaga ba ƙisasi. Gangancinsa a matsayin kuskure yake, diyya kuma ta hau kan danginsa na wajen uba. Wato an sauke wa yaro kayan, amma ba a yar da su a hanya ba, an ɗora wa manya. Gaskiya ne ɗan shekara 16 da ya balaga ya fita daga wannan rangwame, kuma a nan malamai da lauyoyi suke rabuwa. Amma darasin yana nan.

Abin da ke damuna da tsarinmu na yau shi ne, yana sassauta wa yaro sannan ya yi shiru kan ragowar alhakin. Ina malamin da ke kula da ɗakin kwana a daren? Wa ya bar wa siniyoyi ikon kafa kotu da bulala, har muka riƙa kiran abin horo? Da yawa cikinmu mun sha wannan dukan, mun girma muna ba da labarinsa muna dariya, kuma 'ya'yanmu suna zaune suna ji.