Wutar Da Ba A Gasa Komai Da Ita Ba

Shin almubazzaranci ne mutum ya hura wuta tun hantsi har la'asar, ya ƙone damin itace da kwanon man kaɗanya, alhali ko fiffiken zabo bai ɗora a kai ba? Tambayar kawuna ce, tsohon mahauci da ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin tukuba a Aboabo, kuma sabon murhun banda da ƙanena ya kawo gidanmu na Kaladan ne ya tayar da ita. Ni malamin makaranta ne, wuƙar fawa ba ta san hannuna ba, amma da aka ambaci almubazzaranci sai maganar ta tashi daga tukuba ta koma kan buzu.

Murhun duro ne mai cin lita 200, an kwantar da shi, an yanka masa murfi, an shimfiɗa raga a ciki. A kuibinsa, ƙasa-ƙasa, mai walda ya manna ƙaramin akwatin ƙarfe inda wuta ke zama, a ɗaya ƙarshen kuma bututun hayaƙi ya miƙe sama. Nama ba ya ganin harshen wuta. Zafi da hayaƙi ne ke ratsowa ta kansa su fice, a kan digiri 110 zuwa 130 na Salsiyas, sa'o'i masu yawa. Irin wannan ƙira ta yi suna ne a Texas da Oklahoma ta Amurka, inda masu walda na filayen mai suka riƙa haɗa ta da ragowar bututu da tsofaffin tankuna. Ƙanena zabi yake so ya riƙa kyafewa a ciki, don a Tamale zabo ba ya kwantai, amma ya ce sai an hura wa murhun wutar fari ba nama a ciki tukuna.

Kawu ya ce, "Mu da muka sayar wa 'yan kallo tsire a Kaladan Park tun Real Tamale United na buga ƙwallo a can, yaushe muka taɓa ciyar da wuta a banza?" Kuma maganarsa ba ta yarwa ba ce. Duk mai bin hanyar Kintampo yana ganin motocin gawayi jere sun nufi Kumasi da Ankara. Cikin buhunan nan har da kaɗanya, itacen da ke shekara 15 ko fiye kafin ya fara 'ya'ya, wanda matan ƙauye ke biyan kuɗin makarantar yara da man da suke tatsa daga gare shi. Suratul Isra'i kuwa ta haɗa mubazzarai zumunci da shaiɗanu. Wanda ya san wannan ba zai ga hayaƙi na tashi daga murhu fayau ya yi shiru ba.

Hujjarsa ta biyu ta fi kaifi. Ya ce ƙarfe mai tsarki ne, a wanke shi da ruwa a ɗora nama. A nan ma littafi na bayansa. An tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da kwanukan Ahlul Kitabi a hadisin Abu Sa'alaba, ya yi umarni a wanke a ci in ba a sami wasu ba. A Khaibara, shekara ta 7 bayan hijira, tukwanen da aka dafa naman jakai a ciki ma an yarda a zubar a wanke maimakon a fasa. Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Tamale kamar yadda ake yi a Kano, ya ware tukunyar yumbu da najasa ta ratsa a matsayin wadda ba ta tsarkaka. Ƙarfe ba ya shan abu irin shan yumbu.

Inda na rabu da kawu shi ne, babin tsarki tambaya ɗaya yake amsawa: ko abu najasa ne ko ba najasa ba. Bai ɗauki alkawarin gaya mana abin da ke cutar da hanta ba. Fenti ba najasa ba ne. Giris ɗin da masana'anta ke shafa wa ƙarfe don kada ya yi tsatsa ba najasa ba ne, haka ƙurar walda. Mai fenti a riga yana iya yin limanci. Amma in fentin nan ya ƙone a karo na farko da nama a ciki, hayaƙinsa a jikin naman zai sauka, kuma wani ne zai ci. Suratul Baƙara da ta yi maganar abin ci ta ambaci halal ta haɗa da ɗayyib, Muwaɗɗa Malik kuma ta kawo hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Malaman usulu suna da ƙa'idar cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Almubazzaranci shi ne kashe dukiya inda ba ta da gurbi. Wutar fari tana da gurbi, illa dai amfaninta ba ya shiga faranti, shi ya sa ido ke raina shi.

Kawu bai ce ya yarda ba, dattijo ba ya faɗin haka a gaban 'ya'yan ƙanwarsa. Sharaɗi ya kafa: kada a ga ko sanda ɗaya ta kaɗanya a akwatin wutar. Aka nemo busassun rassan mangwaro da aka sassabe. Darbejiya ta cika gari, amma mahauta sun ce hayaƙinta ɗaci gare shi.

Aikin kansa ba wuya. A wanke duron da sabulu, a shanya shi ya bushe ƙarau. A hura wuta mai ƙarfi, ƙofar iska da bututu a buɗe, har fenti ya tashi wari ya ɗauke. In ya huce a kankare, a shafe ciki da raga da man kaɗanya ko man gyaɗa, shafa ɗaya siririya, don in mai ya yi yawa danƙo yake yi. Sai a sake hura wuta matsakaiciya sa'a uku ko huɗu. Zafin yana sa man ya daskare ya zama fata mai tauri da ta manne wa ƙarfe, ruwa ba ya ratsa ta. A wannan ƙonawar ce kuma ake ganin inda hayaƙi ke tsiyaya a bakin murfi, a toshe, a kuma gane wane ɓangare ya fi zafi.

Washegari cikin duron ya yi baƙi wuluk, innarmu ta zo da soso da toka za ta dirje. Da ƙyar ƙanena ya tare ta: "Inna, don Allah ki bar shi, wannan baƙin shi muka saya da itacenmu." Abin da ya fi ɗaure mini kai ke nan a duk lamarin, domin baƙi biyu ne a murhu ɗaya kuma kamarsu ɗaya. Akwai wannan na mai, mai kare ƙarfe. Akwai kuma kunkunniya mai danƙo da ɗanyen itace ko wutar da aka shaƙe ke haifarwa, lokacin da hayaƙi ya fito fari mai kauri maimakon siriri mai shuɗi-shuɗi. Irin wannan hayaƙin na ɗauke da sinadarai masu jawo ciwon daji. Ɗaya daga cikinsu, benzopairin, Tarayyar Turai ta ƙayyade shi tun 2014 a kan maikirogiram 2 a kowane kilo na kyafaffen nama ko kifi. Gana ba baƙuwa ba ce a wannan magana: murhun Chorkor da aka ƙirƙiro a Ankara a 1969 ya rage wa mata masu bandar kifi cin itace, daga baya aka fito da na Ahotor musamman don a rage wannan guba.

Mai saye ba shi da hanyar rarrabewa. Zabo ya yi ja, ya sha yaji, yana ƙamshi, shi ke nan. Sai hadisin nan na Muslim ya faɗo mini, inda Annabi ya cusa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya kira abin algus. Aibin hatsin nan hannu na iya taɓo shi. Na bandar da aka kyafe da mugun hayaƙi ba hannun da zai taɓo, sai dai mai murhun ya hana kansa. Haka kulawar yau da gobe. Toka in ta sha danshi tana cin ƙarfe, don haka kwashe ta ake yi bayan kowane aiki, balle da damina, daga Mayu zuwa Oktoba. A kankare kitsen da ya taru kafin ya yi hamami, a sake shafa mai inda tsatsa ta leƙo, da hunturu kuma a rufe saboda ƙura. Ba mai sayen da zai ƙara ko fesuwa ɗaya saboda an yi waɗannan.

Da ƙanena ma ina da saɓani. Shi a ganinsa wuta na wanke komai, ni kuwa ban yarda ba. Duron da ya taɓa ɗaukar maganin feshi na gona ko wani sinadarin masana'anta, ko kwana za a yi ana ƙona shi bai kamata nama ya shiga ba. Haka ragar da aka lulluɓe da zinki, wadda hayaƙinta ke sa masu walda zazzaɓi. Namu duron na man girki ne, da rubutunsa a jiki muka gan shi kafin a yanka. Amma durarruka nawa ne ke isowa wurin masu walda an riga an goge rubutun? Mai walda zai ce ƙarfe aka ba shi ya haɗa, mai nama zai ce murhu ya saya. A fahimtata nauyin ya fi karkata ga mai nama, don shi ke miƙa wa mutane abin da za su haɗiya, kuma tambayar "me duron nan ya ɗauka?" ba ta cin kuɗi. In mai walda ya ce bai sani ba, a nemi wani duron.