Hakkin Wanda Ba A Gani

Shin abin da ba mu taɓa gani ba, ba mu kuma taɓa cin moriyarsa ba, idan ya ɓace daga doron ƙasa an yi asara? Kada mai karatu ya yi saurin amsawa, bari tukuna ya ji labarin wani maciji.

A tsibirin Barbados, can yankin Karibiyan, akwai wani makahon maciji da masana ke ganin babu mafi ƙanƙanta kamarsa a duniya. Tsawonsa kimanin santimita 10 ne, kaurinsa kuwa kamar silin taliya. Ba shi da dafi, a cikin ƙasa yake rayuwa, yana cin ƙwan gara da na tururuwa. Wani masani Ba'amurke, Blair Hedges, ya kama shi a 2006, ya kuma bayyana wa duniya shi a 2008. Daga nan shiru kake ji, sai a watan Maris na 2025 masu bincike suka ɗaga wani dutse, suka tarar da shi kwance.

Ƙwai ɗaya tak macensa take yi. Dajin da ya gada kuwa, tun ƙarni na 17 Turawan Ingila suka shiga sassabe shi domin noman rake. Ga kuma baƙo ya sauka: wani makahon macijin daga Asiya, wanda ya bazu a duniya cikin ƙasar tukwanen furanni. Su waɗannan duk mata ne, suna hayayyafa ba tare da namiji ba.

To, masu son kare ɗan gida sukan ce ai yana da amfani, tunda yana rage gara. Ni dai wannan hujja ba ta kwanta mani ba. Baƙon ma gara yake ci, ya kuma fi yawan haihuwa. In amfani ne ma'auni, ke nan faɗuwa ta zo daidai da zama, sai a bar ɗan gida ya ƙare. Kuma wanda ya yarda da wannan ma'auni a kan maciji, da wane baki zai ƙi shi ranar da aka ɗora tsohon da ya daina noma, ko yaron da ke zuwa na ƙarshe a aji? Su ma akwai masu yin aikinsu fiye da su.

A ganina hakkin wannan halitta ya rigayi saninmu da ita. Tana cikin ƙasar tsibirin nan tun kafin a dasa rake na farko, kuma ba a taɓa samun irinta a wani wuri ba sai can.