Aibin da ido ba ya gani

A 1895, a garin Würzburg na Jamus, Wilhelm Röntgen ya gano wani haske mai ratsa nama har ya nuna ƙashi, yana fitowa daga kwalbar gilashi da aka zuƙe wa iska. Shekara huɗu bayan haka Sarauniyar Azna ta tari rundunar Turawa ta Voulet da Chanoine a Lugu. Irin waccan kwalba ce aka faɗaɗa ta zama tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, wadda daga baya yaran Arewa suka riƙa zama gabanta a kan tabarma suna kallon Télé Sahel.

Mutanen Lugu sun saba da maganar abin da ba a gani. Azna, masu addinin gargajiya, suna da dutsen Tunguma da suke kai wa tambaya, malaman Dogondutsi kuma suna karantar da imani da gaibu. To, hasken Röntgen da ke sulalowa daga akwatin talabijin ba zafi ba wari, shi ma gaibu ne?

A'a, domin yana da ma'auni. Tsohuwar talabijin mai launi tana ɗaga wutarta zuwa wajen volt 25,000 don ta harba hoto a fuskar gilashi, kuma wuta mai wannan ƙarfi tana iya haifar da hasken Röntgen. A 1967 aka gano cewa akwatuna wajen 90,000 na kamfanin General Electric a Amurka suna zubar da shi fiye da kima, galibi ta ƙasa, daidai inda yara ke miƙe ƙafafu. A 1968 majalisar ƙasar ta yi doka, daga baya aka ƙayyade iyakar da ba za a wuce ba.

Gaibu sai Allah. Wannan kuwa ɓoyayyen aibi ne a cikin haja, kuma fikihun Malikiyya ya daɗe da yanke hukuncinsa: mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, in ya rufe, mai saye na da damar mayarwa. Manomin gero da ya sayi talabijin ba shi da na'urar awo, maƙerin akwatin ke da ita, saboda haka amanar tana wuyan maƙerin, kuma kalmar ƙaddara ba ta sauke masa ita.

Akwatin da aka kashe ba ya fitar da hasken. Sai dai dalmar da aka zuba a gilashinsa don tare shi tana nan, kuma idan aka fasa shi a juji tana iya shiga ƙasa.