Katin Gayyata a Zauren Ilimi

Duk wanda ya saba halartar taron ƙara wa juna sani a wani sashe na jami'a, ko taron shekara na ƙungiyar masana, ya san wannan lokacin. An gama gabatar da takarda, ana cikin tambayoyi, sai wani ya ɗaga hannu. Kowa na zaton gyara zai yi a kan yadda aka tattara bayanai, sai a ji yana gayyatar jama'a ɗaurin auren 'yarsa ranar Asabar. Kafin a ankara wani ya miƙe ya ce ƙaninsa na kwance a asibiti, ana neman taimako. Wata kuma ta ce ta fara sayar da turaren wuta, ga lambarta. Nan take fuskoki ke rabuwa biyu: masu cewa Allah ya sanya alheri, da masu duba agogo. Tambayar da ba a cika yi a fili ba ita ce: me ya dace mutum ya ɗauko daga gidansa ya kawo wurin da aka taru don ilimi?

Masu cewa babu laifi suna da hujja mai ƙarfi. Kafin mutum ya zama dakta ko farfesa, ɗan wani ne, uban wasu ne, maƙwabcin wani ne. A wajen Bahaushe, ka yi shekara goma kuna aiki da mutum sannan ya ji labarin rasuwar mahaifiyarka a bakin wani, wannan abin kunya ne gare ku duka. Wurin aikin da ba a san ciwon juna ba, ba a daɗe ana haƙuri da juna a cikinsa. Malaman da suka je wa juna ta'aziyya sun fi iya jure sukar juna a kan takarda, domin kowa ya san sukar ba ta ƙiyayya ba ce.

Masu duba agogo su ma ba rashin tausayi ke damunsu ba. Lissafi ne mai sauƙi. Idan mutum 60 ne a ɗaki, wani ya ɗauki minti 5 yana sanarwa, minti 300 ya ci, wato awa 5 na rayuwar mutane. Shi a ganinsa minti 5 kawai ya nema. Idan mutum goma suka yi haka, minti 50 sun tafi daga lokacin kowa, kuma galibi wanda ake yanke wa lokaci shi ne ɗalibin da ke ƙarshen jadawali, wanda ya yi watanni yana shirin ranar. Herbert Simon, masanin Amurka da ya karɓi lambar Turing a 1975 da ta Nobel a fannin tattalin arziki a 1978, ya yi wannan nuni tun 1971. Ya ce bayani ma yana da abincinsa, kuma abin da yake ci shi ne hankalin mai sauraro, don haka duk inda bayani ya yi yawa, hankali ke yin ƙaranci. Hankalin mutanen da suka taru a ɗaki dukiya ce ta tarayya. Kowa ya kawo nasa ne bisa alkawarin cewa ga abin da za a yi da shi. Wanda ya karkatar da shi zuwa wata buƙata ya taɓa amana, ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san wata ɓarna da ta fi ɓata lokaci. Akan saka wa manhaja ƙararrawa, ta riƙa sanar da injiniya idan wani abu ya lalace. Idan aka bar ta tana kaɗawa a kan kowane ƙaramin abu, cikin 'yan makonni mutane za su daina dubawa. Ranar da babbar matsala ta zo, ƙararrawar za ta kaɗa, babu wanda zai motsa. Haka taro yake. Inda ake sanar da suna da walima da sabon shago a kowane zama, ranar da aka tashi sanar da cewa abokin aiki na buƙatar jini cikin gaggawa, rabin ɗakin na kallon waya. Yawan sanarwa ba ilimi kaɗai yake cuta ba, har zumuncin da ake cewa ana karewa yana cuta.

Ware wuri don abu guda tsohuwar hikima ce. A Sahihu Muslim an rawaito hanin yin cigiyar abin da ya ɓace a cikin masallaci, kuma dalilin da aka bayar shi ne ba don haka aka gina masallatai ba. Mai cigiyar raƙuminsa ba mai laifi ba ne a kan neman dukiyarsa, wurin ne bai dace ba. A Ingila, masanan da tarukansu suka haifar da ƙungiyar Royal Society a Landan a 1660 sun yarda tun farko su ajiye gardamar addini da ta siyasar mulki a waje. Ƙasar ta sha yaƙin basasa, sun kuma san idan suka buɗe wannan ƙofa ba za su ƙara zama a teburi ɗaya su yi maganar gwaje-gwaje ba. A fanninmu ma, Edsger Dijkstra na ƙasar Holan ya rubuta a 1974 cewa hanyar tunani mai kyau ita ce a riƙa duban fuska guda ta matsala a lokaci guda. Ya kuma fayyace cewa yin haka ba ya nufin an watsar da sauran fuskokin, an jinkirta su ne zuwa lokacinsu.

Wannan ƙarin bayani na Dijkstra shi ne inda masu tsaurin ra'ayi ke tuntuɓe. Masallacin da aka hana cigiya a ciki, a nan ne a garuruwanmu ake sanar da jana'iza bayan an sallame salla, kuma ba wanda ke ganin an keta alfarma. Royal Society ɗin nan, tun 1932 take buga tarihin rayuwar mambobinta da suka rasu a wata mujalla ta musamman. Ashe iyakar ba ta tsaya tsakanin "na aiki" da "na gida" ba. Akwai labarin gida da ya zama haƙƙin jama'ar wurin su sani. Mutuwar abokin aiki rashi ne na sashen gaba ɗaya. Rashin lafiyar da za ta hana malami duba ɗalibansa ta shafi aikin kowa. Ita kuwa tallar turare, mai tallar kaɗai ta amfana.

To da me za a auna? Masanin falsafa Immanuel Kant na Jamus ya ba da ma'auni a 1785: kafin ka aikata abu, ka tambayi kanka ko za ka yarda ya zama doka ga kowa. Idan kowa ya sanar da rasuwar da aka yi masa a taƙaice, taro ba zai rushe ba, domin abu ne da ba kullum yake faruwa ba, kuma kowa zai so a yi masa haka. Idan kowa ya tallata hajarsa, taron ya koma kasuwar Kurmi.

Sai dai akwai ma'auni na biyu da na fi ba muhimmanci, domin shi ne ake yawan rufe ido a kansa: shin wanda ake gaya wa yana da ikon cewa a'a? Idan sa'anka ya miƙa maka katin biki, kana iya yi masa addu'a ka ba da uzuri. Idan farfesan da ke duba kundin digirinka ne ya sanar da bikin a gaban jama'a, aka kuma zagaya da takardar gudunmawa kowa na rubuta suna da adadi, wannan ta tashi daga gayyata ta koma haraji. Ɗalibar da ba ta gama biyan kuɗin makaranta ba za ta rubuta abin da ba ta da shi, don tana tsoron a ga layinta babu komai. Ba wanda ya tilasta mata da baki, amma kunya da tsoro sun yi aikin. Abin takaicin shi ne dokar "ban da maganar gida" kan fi aiki a kan ƙananan ma'aikata. Mai shara ya zo da rasitin asibiti a ce masa nan ba wurinsa ba ne, babba ya yi sanarwar walima a tafa masa. Duk dokar da ke kama ƙarami ta saki babba, sunanta kawai ladabi. Idan za a yi tsauri, daga sama ya kamata a fara, domin maganar babba ce ta fi nauyi a kan mai sauraro.

Akwai kuma labarin da ba naka ba. Sau da yawa mutum kan miƙe da kyakkyawar niyya ya ce a taya wance da addu'a, aurenta ya mutu, ko wane na fama da ciwo kaza. Helen Nissenbaum, masaniyar ɗa'ar fasahar sadarwa a Amurka, ta yi bayani a 2004 cewa kowane labari yana tafe da sharuɗɗan wurin da aka faɗe shi. Abin da mara lafiya ya gaya wa likita daidai ne a ɗakin likita, amma idan ya isa teburin shugabansa a wurin aiki an cuce shi, ko da kalma ɗaya ba a ƙara ba. Wanda aka gaya wa sirri a matsayin aboki, ya kai shi taro a matsayin sanarwa, ya sauya masa mazauni ba da izinin mai shi ba. Magana zarar bunu ce. Kafin a nema wa mutum addu'a a bainar jama'a, a fara tambayarsa ko yana so.

Mafita tana nan a tsarin gidan Bahaushe. Baƙo kan tsaya a zaure, na kusa ya wuce shigifa, ɗan gida ya shiga ciki. Ba a kori kowa ba, kowa dai an ba shi wurinsa. Taron ilimi ma na iya yin haka. A ware 'yan mintoci a ƙarshe, bayan an gama abin da ya tara mutane, yadda mai uzuri zai iya tashi ba tare da an kalle shi ba. A bar maganar gudunmawa a hannun kwamitin walwala, a riƙa bayarwa a asirce, kada a zagaya da takarda mai sunaye. Wanda ke da iko a kan makin wani ko ƙarin girmansa, kada ya nemi kome a wurinsa, ko da wasa.

Su wa za su kafa wannan tsari? Elinor Ostrom, mace ta farko da ta karɓi Nobel a tattalin arziki a 2009, ta yi nazarin al'ummomin da suka daɗe suna tarayya a makiyaya da ruwan noma, daga tsaunukan Suwizalan zuwa gonakin Sifen, ba tare da sun cinye su ba. Daga cikin abin da ta gano, dokar da ke ɗorewa ita ce wadda masu amfani da abin suka sa hannu wajen tsara ta, kuma hukuncin saɓa ta kan fara da sauƙi kafin ya yi tsanani. Idan mambobin sashe suka zauna suka yarda da abin da za a riƙa sanarwa da lokacin yinsa, shugaban taro ba zai zama mugu ba ranar da ya ce a dakata.

Wanda ya kauce kuma, gyaransa na da nasa ladabin. Mutumin da ya miƙe a tsakiyar taro yana neman kuɗin magani, mai yiwuwa ya ƙwanƙwasa ƙofofi da yawa kafin ya iso nan. Idan aka yanke masa magana da tsawa, an kare jadawali an zubar da mutuncinsa, kuma wannan asarar ta fi ta minti biyar girma. Abin da ya fi shi ne shugaba ya ce, "Malam, Allah ya ba shi lafiya, mu gana da zarar an tashi." Sannan ya cika alkawari, ya gana da shi.