Ha'inci a Gudun Miƙa Sanda

A gasar Olamfik ta Sydney a 2000, 'yan Najeriya huɗu, Clement Chukwu, Jude Monye, Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong, sun zo na biyu bayan Amurka a gudun miƙa sanda na mita 400 sau huɗu. Sai a 2008 Antonio Pettigrew, ɗaya daga cikin Amurkawan, ya amsa a gaban kotu cewa da magungunan ƙara kuzari yake gudu a wancan lokaci. Aka karɓe zinaren daga hannunsu, amma ba a tabbatar wa Najeriya shi ba sai a Yulin 2012. Bada, haifaffen Kaduna, ɗan sanda, wanda ya ci gasar duniya ta mita 400 ta cikin zaure a 1997, ya riga ya rasu a Legas tun Disamban 2011.

Wani zai ce ai gaskiya ta yi halinta, tunda haƙƙi ya koma ga masu shi. Ban yarda ba. Ba ƙarfen lambar kaɗai mai ha'inci ke sacewa ba. Yana sace ranar da ya kamata a ɗaga tutar ƙasarka a buga takenta, da kuɗin talla da ƙarin girma da kan biyo baya tun ƙafa na da ƙarfi. Waɗannan ba su dawowa da takardar wani kwamiti. Matan Brazil da suka zo na huɗu a mita 100 sau huɗu a Beijing a 2008 sai a 2016 aka ce tagulla tasu ce, bayan an kama 'yar Rasha guda da ha'inci a gudun. A hukuncin nan ne ma tagullar matan Najeriya ta zama azurfa. Shekara takwas a rayuwar mai gudu ai kusan duk sana'ar ke nan.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na abokan gudun mai laifi: me ya sa Usain Bolt zai rasa zinarensa na gudun miƙa sanda na 2008 saboda laifin abokin gudunsa Nesta Carter? Akwai ban tausayi, ba shakka. Sai dai lokacin da agogo ya rubuta na mutum huɗu ne a dunƙule, ba yadda za a tsame rabon mai ha'inci a bar saura. Michael Johnson, abokin gudun Pettigrew, ya gane haka, shi ya sa ya ce zai mayar da lambarsa ta Sydney tun kafin a tilasta masa.

Kuma ba sai an je Olamfik ba. Malamin wasanni a Kakuri ko Barnawa a Kaduna da ya rage wa yaro shekaru, ko ya ɗauko sojan haya daga waje ya sa masa rigar makaranta, aikinsu ɗaya da Pettigrew. Bambancin kawai, yaron da aka danne a filin makaranta ba shi da kwamitin da zai sake buɗe maganarsa bayan shekara goma sha biyu.