Wutar Fulogi da Hukuncin Al'ada

Tsofaffin motocin akori-kura ƙirar Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar PAN a 1975, ba su gama ƙarewa a kan hanyoyin Jega da Aliero da Maiyama ba, inda suke jigilar albasa da hatsi daga ƙauyuka irin su Giwa Tazo zuwa kasuwa. Idan aka buɗe injin irin wannan mota aka mayar, aikin da ya rage wa makanike shi ne saita tayimin, wato daidaita lokacin da fulogi zai ba da tartsatsin wuta a cikin silinda. Ana son wutar ta zo gab da isar fistan ƙololuwar hawansa, da tazarar 'yan digiri kaɗan, domin cakuɗen fetur da iska yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya kama sosai. In ta yi gaggawa inji ya riƙa ƙwanƙwasa, in ta makara mota ta rasa ƙarfi, ta yi zafi, ta sha mai.

A nan ne ɗalibin tauhidi yake cin karo da tambaya mai nauyi. Malaman Ash'ariyya, waɗanda aƙidarsu ta kafu a ƙasar Gwandu, sun koyar da cewa wuta ba ta ƙonawa da ikon kanta, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wannan bayani da misalin wuta da auduga: Allah ne yake halittar ƙuna a yayin haɗuwarsu. To, in haka ne, me ya sa juya distributa, abin da ake saita tayimin da shi, da faɗin farce yake raba injin da ke tafiya da wanda ke tari?

Amsar tana cikin abin da Shehu Sanusi, mai Ummul Barahina da ake karantawa a zaurukan ilimi, ya ambata da hukuncin al'ada, wato alaƙar da ake tabbatarwa tsakanin abubuwa biyu saboda maimaituwar haɗuwarsu, tare da yarda cewa Mai iko yana iya saɓa ta. Kuskuren da ya yawaita, kuma abin takaici ne, shi ne a riƙe rabin ƙarshe na wannan bayani a saki na farko, har makaniken da ya yi aikin ganganci ya fake da ƙaddara ranar da inji ya buga. Al'adar da Allah ya gudanar a kan ƙuna tana da awo, har da awon lokaci, kuma wanda ya karɓi motar wani da kuɗinsa ya ɗauki amanar sanin wannan awo.

Saita tayimin ya fi wuya a tsohon inji, domin sassansa sun ci, alamar da masana'anta ta zana a jikin fuli ba lalle ta ci gaba da faɗin gaskiya ba. Shi ya sa ƙwararren makanike ba ya wadatuwa da alamar, sai ya sassauta distributa yana juyawa a hankali, kunnensa na kan sautin inji, sannan ya fita da motar ya ji yadda take ja da lodi a hawa kafin ya ɗaure noti.