Ƙanjamau: Gwaji Kafin Aure Da Haƙƙin Mai Jinya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, cutar ƙanjamau an fara ba da labarinta a Amurka cikin 1981, masana a Faransa suka gano ƙwayarta cikin 1983, aka sanar da ɓullarta a Nijeriya cikin 1986. Tun 1988 aka keɓe ranar 1 ga Disamba don faɗakar da duniya. Binciken 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ita a ƙasar nan.

Ana ɗaukarta ta saduwa, da jini, da allura ko askar da aka yi tarayya a kanta, da kuma daga uwa zuwa jariri. Musafaha da cin abinci a ƙwarya ɗaya ba su kawo ta. Saboda haka wanzamai su tsarkake askarsu, kowa kuma ya nisanci zina kamar yadda Suratul Isra'i ta yi horo.

Da annoba ta ɓarke a Sham, Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanya, ga shi kuwa babu mai shakkar tawakkalinsa. Ashe riƙon sababi ba ya kore tawakkali. Don haka, ya waliyyai da limaman Ikara da Makarfi da Kudan, kada a ɗaura aure, na budurwa ko na bazawara, sai an yi gwaji. Jihar Kano ta mai da wannan doka cikin 2024. Wanda ya san yana ɗauke da ita ya ɓoye, ya ci amanar matansa da 'ya'yansa.

A cikin annobar nan kuma Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal suka rasu, Allah Ya yarda da su. Ke nan cuta ba shaidar saɓo ba ce. Sau nawa mace mai kamun kai ta same ta a ɗakin mijinta? Tsangwama ita ke hana mutane zuwa asibiti, alhali akwai maganin da ke danne ƙwayar. Mai shansa kullum yana rayuwa lafiya, ya kāre iyalinsa, mai ciki ta kāre jaririnta. Amma bai kawar da ita ɗungum, sai a yi hattara da masu da'awar warkarwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare zuriyarmu. Wassalamu alaikum.